Bakin Buhu da Cikinsa

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai ɗinkin buhu, wanda ya rasa aikinsa da ɗakin da yake kwana a yini guda, saboda ya ƙi ɗinke bakin waɗansu buhuna. Aka kawo wani ya ɗinke. Buhunan nan ko ɗaya bai shiga jirgi ba. An tarar da su a buɗe, an zare zaren kowanne, an naɗe, an ɗora masa a ka. Aka sake ɗinkewa, aka sake tarar da su a buɗe. Ƙarshen labarin ke nan na fara ba ku. Yanzu ku saurara ku ji yadda aka yi aka kai nan.

Sunansa Nomau. Abin ya faru ne tun zamanin da gyaɗa take riƙe da ƙasa, a wani gari na bakin teku can kudu, inda Hausawa suka kafa zango. Ba zan faɗi sunan garin ba, domin jikokin mutanen suna nan da ransu.

Ga yadda sana'ar take. Gyaɗa takan sauko daga arewa a ɓare, cikin taragon jirgin ƙasa. Kwakwa kuwa ta ƙauyukan bakin ruwa ce: a fasa, a ƙwaƙule naman, a shanya a rana har ya bushe ya yi tauri, in ka karya ka ji ƙas. Su biyun sai su haɗu a sito ɗaya, a zuba a buhu, a auna, a ɗinke baki, a loda a jirgin ruwa. Daga nan sai ƙasashen da babu ko mutum ɗaya cikin masu aikin da ya taɓa takawa. Can ake matse mai, a yi girki da shi, a sa a abincin manya da na yara.

Mai siton, Alhaji Maiwada, taubashin Nomau ne. Uwar Nomau da uban Alhaji ciki ɗaya suka fito. Kun san wasan taubasai: kowa ya ce ɗan'uwansa bawansa ne, a yi zagi a yi dariya, ba mai riƙe wani a zuci. Alhaji ne ya kira Nomau daga ƙauye, ya ba shi basilla da zare, ya ba shi ɗaki a bayan sito shi da matarsa Tabawa.

To Nomau yana da wata al'ada da ta sa 'yan dako suka laƙaba masa suna Hannu-a-Buhu. Ba ya ɗinke buhu sai ya naɗe hannun riga, ya zura hannunsa ciki har kafaɗa, ya damƙo daga tsakiya, ya fito da shi, ya ɗebi na baki a ɗaya hannun, ya dube su tare. In sun zama ɗaya, ya yi bisimilla ya ɗinke. In sun bambanta, ya ture buhun gefe. Idan aka ce yana ɓata lokaci, amsarsa ɗaya ce:

"Ni baki nake rufewa. In na rufe, buhu ba zai ƙara magana ba sai a hannun mai shi. To ni na zama bakinsa."

Ɗinkinsa yana da alama. A ƙarshen layi zaren yakan rabu kamar sawun zabo kafin ya ƙulle. A tashar jirgi akwai malaman duba kaya, masu yawo da wani ƙarfe mai rami suna soka buhu su zaro samfur. Da tafiya ta yi tafiya suka gane cewa buhu mai sawun zabo, soka shi wahalar banza ce. Sai su shafa ɗinkin su ce a wuce da shi. Nomau bai nemi haka ba. Alhaji kuwa ya ji daɗin haka ƙwarai.

A shekarar da nake ba ku labari, damina ta ƙi tafiya. Rana ta ɓuya. Kwakwar da aka shanya a ƙauyuka ta ƙi bushewa, a fito da ita da safe, a kwashe kafin hantsi. Taragon da ya kawo gyaɗa kuma tamfol ɗinsa ya yage a hanya, ruwa ya kwanta a kan kaya. Ga jirgi ya iso, ya tsaya a kan ruwa, kuma jirgi ba ya jiran rana.

Ranar da abin ya fara, Nomau ya zo da sassafe ya tarar an riga an cika buhuna, an jera su a tsaye, bakinsu a buɗe. Hadari ya taso baƙi ƙirin. Buhu ɗaya yana waje a bakin ƙofa, yayyafi ya fara sauka a kansa, 'yan dako suna ihu, "Hannu-a-Buhu, yi maza mana, zai jiƙe!" Nomau ya kai basilla ya ɗinke shi da sauri, aka shige da shi. Ruwa ya kece, kowa ya koma toshe inda rufi yake yoyo, aikin ɗinki ya tsaya. Ku riƙe wannan buhun a ranku. Za mu dawo kansa.

Sai tsakar rana ruwa ya ɗauke. Kun san tsakar rana, lokacin da iyayenmu suke hana yara yawo. 'Yan dako suka tafi cin abinci, sito ya rage Nomau shi kaɗai. Ya jawo buhun farko, ya ji bai yi masa sautin da ya saba ba. Busasshiyar gyaɗa in ka motsa ta tana amsawa, caka-caka. Wannan ta yi shiru, ta yi nauyi kamar an ɗauko mai barci. A baki kuwa ƙwayoyi ne jajaye masu kyau, ka ce yau aka ɓare.

Ya naɗe hannun riga ya zura hannu. Zuwa wuyan hannu, sanyi. Zuwa gwiwar hannu, ɗumi. Da ya kai kafaɗa sai ya ji zafi irin na jikin mai zazzaɓi, da wani danshi da ya kama masa yatsu. Ya tsaya haka, kuncinsa a jikin buhu, kunnensa a kan saƙa. A nan ya ji sautin. Ƙasa-ƙasa ne, ba ya yankewa, kamar mutane da yawa sun zauna a ɗaki mai duhu suna tauna ba mai magana. Ya ɗaga kai, sautin bai tafi ba. Daga buhunan yake fitowa, dukansu, daga wannan bango zuwa wancan.

Wani zai ce ƙwari ne. Ƙwari ne mana, ban musa ba. Nomau ma ya san ƙwari. Amma abin da ya faɗo masa a rai a lokacin shi ne: ga masu ci nan sun zo tun kaya bai isa gare su ba.

Ya zaro hannu. Abin da ya damƙo baƙi ne da kore, ya cuɗe, fumfuna ta lulluɓe shi. Ya je ɓangaren kwakwa ya gwada, haka nan: fara tas a baki, a ciki ta yi yauƙi tana warin tsami.

Yana tsaye da ruɓa a hannu Alhaji Maiwada ya shigo, yana kaɗe laima.

"Kai bawana, me kake lalube a buhu tun ɗazu? Hankalinka ne ya faɗa ciki?"

"Naka nake nema, taubashi. An ce tun jiya ba a gan shi ba."

Alhaji ya yi dariya. Nomau ya buɗe masa tafin hannu. Alhaji ya duba, ya kau da kai, dariyar ba ta bar fuskarsa ba.

"Bawa ba ya yi wa ubangidansa bincike. Goge hannu ka ɗinke, ka sa musu sawun zabon nan naka."

"In wasa ne, ai na yi dariya. In ba wasa ba ne, gaya mini."

Alhaji ya jingine laimar. Ya rage murya, ko da yake ba kowa a wurin.

"Nomau, ni na hana rana fitowa? Ni na yaga tamfol? Na yi alkawari zan cika jirgin nan. In na kasa, ko ƙwaya ɗaya ba za su ƙara saya a hannuna ba. Dubi mutanen da suke ci a ƙofar nan. Dubi kanka. An sa mai kyau a gindi, an sa mai kyau a baki. Tsakiya ce kawai. Ba na neman ka yi ƙarya, ban ce ka buɗe baki ka ce komai ba. Ɗinki na ce."

"Ɗinkin ai shi ne maganar."

"To wa zai ci? Ka san shi? Ka san sunan ubansa? Mutumin da ko sallama ba za ta taɓa haɗa ku ba! Inji ne zai matse, a gauraya da na wasu, ya bi duniya. Wa zai ce na Nomau ne?"

Ku saurara da kyau, domin nan ne zuciyar labarin.

Nomau ya ce, "Ban san shi ba, Alhaji. Abin da ya hana ni ke nan. Da mai shayin bakin titi zan cuta, ran da na tuba sai in taka in je in ce, malam, na cuce ka, yafe mini. Ko ya zage ni, na dai same shi. Wannan fa? A ina zan gan shi? Da wane harshe zan roƙe shi? In ɗansa ya ci ya kwanta, ni ba zan ji ba, shi ba zai san ni ba. Ba za mu haɗu ba sai ranar da kowa yake neman haƙƙinsa, ba mai bari."

Kun lura bai ce taubashi ba. Alhaji ya ce. Shi ma Alhajin ya lura. A nan wasa ya mutu.

"Basillar da ke hannunka ta sito ce," in ji Alhaji. "Ɗakin da kake kwana nawa ne."

Nomau ya soke basillar a kafaɗar buhu, ya ajiye ƙullin zare a gefenta, ya fita. Yana tafe hannunsa na dama yana masa ɗumi, ya wanke shi a kwata, ɗumin bai tafi ba.

Tabawa tana tankaɗe ya shigo ya gaya mata. Ta ajiye rariya.

"Malam, kai ne alƙalin teku? Hannunka kawai aka nema, ba zuciyarka ba."

"Ai hannun ne zai yi magana ran ƙiyama, Tabawa. Baki rufe shi za a yi."

"To ni da tukwanena wa zai yi mana magana yau? Dubi sama! A wannan ruwan za mu fita? Ɗan'uwanka ne fa. Ka koma ka ce wasa kake, ai kun saba."

"In na ce wasa ne, sai in ɗinke."

Ta dube shi. Sannan ta tashi ta fara haɗa kwanuka, tana buga su da ƙarfi.

"Naɗe tabarmar, kada ka tsaya mini a ka kamar turmi. Na auri mai ɗinki, ashe waliyyi aka kawo mini ban sani ba."

Ba ta ƙara yi masa magana ba a yinin. Amma kayan da suka fi nauyi ita ta ɗauka. Suka koma wata rumfa a bayan masallacin zango, rabin rufinta yana zuba.

Kada ku zaci mutane sun yaba masa. 'Yan dako abincinsu yana kan lodi, in ba lodi ba tuwo. In ya wuce su ce, "Waliyyin buhu, a sa mu a addu'a." Wani ya tofar da yawu. Ya yi sallama a majalisa, aka amsa da rabin baki.

Alhaji ya kira wani mai ɗinki, Cindo, mai yatsa shida a hannun dama, wanda ba a yi mai saurinsa a zangon ba. Aka nuna masa tsohon buhu mai sawun zabo, ya duba, ya kwaikwaya, ba ka iya bambancewa. Kafin ya fara sai da ya biyo ta rumfar Nomau, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Yaya Nomau, kada ka ga laifina. Ina da 'ya'ya."

"Ban ga laifinka ba. Abu ɗaya dai: kafin ka ɗinke, ka zura hannu ciki ko sau ɗaya."

Cindo ya sunkuyar da kai. "Yaya, in na zura ai ba zan iya ba."

Ya je ya ɗinke su duka kafin magariba. Aka kulle sito da kwaɗo, makulli a aljihun Alhaji.

Da safe aka buɗe, kwaɗo lafiya lau, taga lafiya lau. Buhunan da Cindo ya yi wa sawun zabo kuwa duk bakinsu a wangale. Zaren ba a yanke yake ba, ba tsinkewa ya yi ba. An zare shi ɗungurungum, an naɗe shi zagaye kamar yadda mai ɗinki yake naɗewa a yatsu, an ɗora a kan kaya. Buhunan kirki da aka ɗinke tun kafin ruwa suna nan yadda suke, ba a taɓa su ba.

Aka kai Nomau gaban Sarkin Zango. Alhaji ya ce ba wanda zai yi wannan sai shi.

"Nomau, kai ka kwance?" in ji Sarkin Zango.

"Ranka ya daɗe, ban kwance ba. Da na kwance da na faɗa."

"Ka aiki wani?"

"Ban aiki kowa ba. Wa ma yake amsa sallamata, balle in aike shi?"

Sarkin Zango dattijo ne mai son a gama magana a gaban ido. Ya ce Nomau ya zauna a zaurensa, kada ya motsa, ga mutane suna kallonsa. Cindo ya je ya sake ɗinkewa. Alhaji ya shiga sito ya rufe ƙofa ta ciki, ya zauna da kayansa ido biyu, da rana tsaka, har motocin lodi su zo bayan azahar.

Nomau ya zauna a zaure ya jingina da bango. Hantsi ya wuce. Gari ya yi tsit irin na tsakar rana, ko kaza ba ta motsi. Ya ji ɗumin nan ya dawo masa a hannun dama, daga yatsu har kafaɗa, ya sa hannun hagu ya riƙe shi. Ba murna yake ba, ku sani. Tsoro yake ji. Yana ta istigfari bai san na mene ne ba.

Ladan bai kai ga kiran salla ba sai ga Cindo ya shigo ba sallama, ba takalmi. Ya zube a gaban Sarkin Zango, ya buɗe hannu. Naɗin zare ne. Aka ba shi ruwa ya sha, sannan ya iya magana. Abin da ya faɗa, yadda waɗanda suke wurin suka riƙe shi, shi ne wannan:

"Ranka ya daɗe, ban ga kowa ba. Na gama na ƙarshe, muna zaune ni da Alhaji. Sai taunar nan ta tsaya. Ɗif. Kamar masu ci sun ɗaga kai suna jira. Sai na ga ƙullin buhun farko ya saki. Zare ya fara fita, rami bayan rami, daga ƙarshe zuwa farko, a hankali, ba gaggawa. Ya gama, ya naɗe, ya kwanta. Sai na kusa da shi ya fara. Alhaji ya tashi ya damƙe bakin zaren, ya bi ta tsakanin yatsunsa ya wuce. Ba a yi biyu a lokaci ɗaya ba, ranka ya daɗe. Ɗaya bayan ɗaya. Kamar mutum ɗaya ne yake aikin."

Aka ɗunguma zuwa sito, Nomau a tsakiya. Ƙofa a buɗe, Alhaji yana zaune a ƙasa, jini siriri a yatsunsa. Buhuna sun jeru baki buɗe. Mai kyau ta sama ta zame, ruɓar ciki ta taso. A jikin waɗansu, gyaɗar da ta sha ruwa ta tsiro, fararen tsiro sun huda saƙa sun leƙo kamar yatsun jarirai. Waɗanda jiya suka kira shi waliyyi don ba'a suka fara ja da baya suna ba shi hanya, wani har ya cire hula.

Nomau bai dube su ba. Yana bin layi yana duba ramukan basilla a bakin kowane buhu, domin mai ɗinki yana gane tazarar hannunsa kamar yadda kake gane sawunka. Na Cindo, na Cindo, na Cindo. Da ya zo lungun da ke kusa da ƙofa sai ya tsaya.

Cindo ya ce daga bayansa, "Wannan ban taɓa shi ba, Yaya. A ɗinke na same shi. Shi aka kwance na ƙarshe. An daɗe a kansa kafin a fara."

Kun tuna buhun da na ce ku riƙe? Na bakin ƙofa, na ranar hadari. Shi ne. Sawun zabo na gaskiya, hannun Nomau, zaren Nomau, wanda ya ɗinke ana ihu bai zura hannu ba, ya kuma manta da shi sarai. Ya naɗe hannun riga a gaban jama'a, ya zura har kafaɗa. Ya fito da ruɓa.

Ya zauna a ƙasa kusa da taubashinsa. Abin da ya ce kaɗan ne.

"Har da nawa."

Alhaji ya juyo. "Tsakaninka da Allah, Nomau, wa ka aiko mini?"

"Ban aiko kowa ba. Ba ka gani ba? Ba don ni aka zo ba. Ni ma an kama ni. An dai rufa mana asiri ne mu duka, kafin ya haye ruwa."

Daga baya mutane sun kawo bayani iri-iri, kuma zan gaya muku su don adalci. Wasu suka ce kaya ne ya kumbura saboda zafi ya ture ɗinki. Kumburi tsinka zare yake yi, ba ya naɗe shi. Wasu suka ce ɓeraye. Ɓera ba ya zaɓen buhu. Wasu suka ce Cindo ne zuciyarsa ta karye ya yi ɗinki mai saki. Cindo ya rantse har ya mutu bai yi ba, kuma ko ya yi, buhun Nomau ba shi ya ɗinke ba.

Jirgi ya ɗauki mai kyau ya tafi da rabin ciki. Ruɓar aka kai bayan gari aka binne. Alhaji ya rasa kwangilar, sito ya sha wuya kaka biyu, cikin 'yan dako akwai waɗanda ba su ƙara gaishe da Nomau ba. Ba zan ce muku ya yi arziki ba, domin bai yi ba. Abin da aka yi shi ne, wata safiya Alhaji ya zo rumfar bayan masallaci da kansa, basilla a hannu.

"Bawana, ga kayan aikinka."

Nomau ya dube shi. "Ajiye nan, bawana. Ka kuma gaishe da uwar ɗakinka Tabawa, tana ciki."

Tabawa ta ce daga ciki ba za ta koma ɗakin ba sai an sake masa rufi. Aka sake. Nomau ya koma ɗinki, ya mutu yana ɗinki. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ce daga ranar, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ko jirgi yana kuka, bai ƙara rufe bakin buhu bai zura hannu ba.

To jama'a, ga darasin, ba a ɓoye yake ba. Haƙƙin da ya fi haɗari shi ne haƙƙin wanda ba ka sani ba. Laifin da ke tsakaninka da Ubangijinka, ka tuba Ya yafe. Haƙƙin mutum kuwa sai mutumin ya yafe, kuma wanda ba ka san fuskarsa ba, ba ka da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Mu kuwa mun juya abin. Muna jin kunyar maƙwabci, muna cutar baƙo. Muna cewa ai nesa za shi.

A cikinku akwai masu tura gyaɗa da riɗi da citta waje. Akwai mai yayyafa wa kaya ruwa don sikeli ya yi nauyi. Akwai mai jera manyan tumatir a saman kwando. Akwai wanda ba ya sayar da komai, amma sa hannunsa ake jira a ce kaya lafiya, ya sa bai duba ba. Kowannenku mai ɗinkin baki ne. Kada wani ya ce ni ban zuba ba, rufewa kawai na yi. Kada kuma mai gaskiya a cikinku ya saki jiki. Nomau ya bar aiki, ya bar ɗaki, ya sha zagi, amma buhu ɗaya na gaggawa yana nan a lungu da sunansa a baki. Ku zura hannu. Ku zura har kafaɗa, a cikin kayanku da cikin maganarku, ku ga ko baki da ciki ɗaya ne.

Su an kwance musu tun kaya yana gaɓa. Ni da ku ba a yi mana wannan alkawari ba. Namu yana iya hayewa a ɗinke, ya jira mu can.

Naɗin zaren da Cindo ya kawo, Sarkin Zango ya sa an rataye shi a ƙusa a cikin zaure. An ce ya daɗe a wurin, ba mai taɓa shi. Wanda ya naɗe shi kuwa, har yau ba a san ko wane ne ba.